Sifika Shida a Falon da Aka Shirya Don Hira

Wudil gari ne da ya san ciniki. Duk ranar Juma'a kasuwar Kara kan cika maƙil da shanu, kuma babu mai sayen sa don tsawon ƙahonsa kawai. Sai ya duba haƙori, ya taɓa tozo, sannan ya tambayi kansa inda zai ɗaure dabbar da abin da zai ciyar da ita. Wannan hankali kan yi rauni da zarar an hau mota an tafi shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, tafiyar kimanin kilomita 40. Malamin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ko jami'in Kwalejin 'Yan Sanda, ko ango mai shirin tarewa, zai tsaya gaban kwalin hom tiyata mai sifikoki marasa waya, a kunna masa minti biyu na fim ɗin yaƙi, ƙasa ta girgiza, ya biya kuɗin da ya yi watanni yana tarawa.

Kayan ba jabu ba ne, kuma fasahar da ke cikinsu ta gaske ce. Sai dai an ƙera su ne bisa zato huɗu: cewa wuta ba ta yankewa, cewa ɗakin an shirya shi don kallo, cewa abin da ake kallo an naɗe shi da sautin zagaye, kuma cewa maƙwabci yana nesa. A yawancin gidajen Wudil, da wuya a sami biyu daga cikin huɗun. Saboda haka, ga mafi yawan masu saye, kuɗin ya fi amfani idan aka zuba shi a sifikoki biyu ko uku masu kyau na gaba, da gyaran ɗakin kansa.

Inda sha'awar ta samo asali

Burin mayar da falo gidan silima yana da tushe mai ƙarfi a ƙasar Kano. An buɗe silimar Rex a 1937, wasu kuma irin su Palace da Plaza da El Dorado da Marhaba suka biyo baya, galibinsu filaye ne marasa rufi. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 kan kafafen sadarwa a Kano, silima ta daɗe tana ɗauke da tabon wurin da mai mutunci ba ya son a gan shi, balle matar aure. Kaset ɗin bidiyo ne ya warware wannan ƙulli. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya girma ne a cikin ɗaki, inda uwar gida da yara da baƙi ke kallo tare. Magidancin da ke son iyalinsa su ji daɗin kallo ba tare da sun fita ba yana bin tafarki ne mai kyau. Abin dubawa shi ne ko kayan da ake tallata masa za su kai shi inda yake so.

Ma'anar 5.1

Sautin zagaye ya taso ne daga manyan gidajen silima na Amurka. Kamfanin Disney ya gwada shi a fim ɗin Fantasia a 1940, tsarin Dolby Stereo ya yi suna da Star Wars a 1977, Dolby Digital ya fito a 1992, sannan Dolby Atmos, wanda ya ƙara sauti daga sama, ya fara a 2012. Lambar 5.1 da ake gani a jikin kwali tana nufin hanyoyin sauti shida. Uku suna gaba: hagu, dama da tsakiya, kuma ta tsakiyar ce ke ɗauke da mafi yawan maganar 'yan wasa. Biyu suna gefen baya, aikinsu kawo motsin iska, hayaniyar kasuwa ko ƙarar jirgin da ya wuce. Ta shida ita ce wufa, mai fitar da gurnani mai kauri wanda ake ji a ƙirji.

Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta shimfiɗa ta ce a ajiye sifikokin hagu da dama a kusurwar digiri 30 daga mai sauraro, na baya kuma a wajen digiri 110, dukkansu da nisa ɗaya daga gare shi. Ma'ana, an zana da'ira ne da kujera guda a tsakiyarta. Wanda ke kan wannan kujera shi ne ke jin abin da aka biya kuɗi dominsa.

Falon Bahaushe kuwa an shirya shi ne don gaisuwa da hira. Kushin suna jingine da bango, suna fuskantar juna, tsakiya a buɗe don yara da tabarmar cin abinci. Babbar kujera ta manne da bangon baya, babu wurin da sifika za ta zauna a bayanta. Baƙon da ke gefe yana da sifika ɗaya a bakin kunnensa, sauran kuma suna can nesa. Mutum takwas na iya zama a irin wannan falo, amma da kyar ɗaya ya sami zagayen da aka yi alkawari.

Wayar da aka cire da wadda ta rage

Kalmar "mara waya" rabin gaskiya ce. Abin da aka cire shi ne wayar da ke kai sauti daga amfilifaya zuwa sifika. A madadinta, kowace sifika ta zama na'ura mai zaman kanta, da ƙaramar amfilifaya da rediyon karɓar saƙo a cikinta, kuma kowace tana buƙatar soket ko batir. Falon da ke da soket biyu, ɗaya a bayan talabijin, sai ya koma neman wayar ƙari, wadda ta fi wayar sifika kauri da haɗari ga yaro mai rarrafe.

A nan ne batun wuta ke shigowa. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da lantarki gida biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4, kuma a Afrilun 2024 ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ko a wane rukuni gida yake, kowa ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi fiye da kima. A tsarin mai waya, na'ura ɗaya ce ke fuskantar wannan bugu, kuma sitabilaiza ɗaya ta ishe ta. Sifikokin kansu maganaɗisu ne da naɗin waya, suna iya shekara 20 suna aiki, kuma duk mai gyaran rediyo ya san cikinsu. A tsarin mara waya, na'urori huɗu ko shida ne ke jiran bugun, a soket daban-daban. Ga mai inbata kuma, kowace tana ɗan tsotsar batir dare da rana, domin ba ta barci gaba ɗaya, tana jiran saƙo.

Akwai kuma matsalar da ba a gani sai ranar da abu ya lalace. Sifikokin baya na mafi yawan kamfanoni ba sa magana sai da uwar na'urar kamfaninsu, wani lokaci ma sai da samfuri guda. Idan uwar ta ƙone, sauran sun zama kayan ado. Ko a ƙasashen da ake ƙera su an ɗanɗana wannan: a Janairun 2020 kamfanin Sonos ya sanar da cewa zai daina sabunta manhajar tsofaffin na'urorinsa, kuma masu su suka yi ca, har shugaban kamfanin ya nemi afuwa. Wanda ke Wudil ba shi da ofishin da zai kai ƙara.

Haka nan ba kowane "mara waya" ne ya dace da fim ba. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Bluetooth na yau da kullum kan jinkirta shi da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, kamar dai an ajiye sifikar a nisan mita 35 zuwa 70. Sakamakon shi ne bakin ɗan wasa ya motsa, magana ta biyo baya. Bugu da ƙari, hanyoyi biyu kawai yake ɗauka, hagu da dama. Tsare-tsaren da aka yi musamman don fim, irin su WiSA, suna rage jinkirin zuwa kimanin kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa, amma ba su ne ke cikin kwalaye masu araha ba. Game da manyan lambobin wat da ake bugawa da harufan PMPO kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da ke da ma'ana ita ce ta RMS, kuma sau da yawa ƙaramin kaso ce na waccan.

Ɗakin ma sifika ne

A 1895 aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Ya shafe darare yana kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin taro yana jerawa, yana auna daɗewar amo. Daga nan ilimin sautin gine-gine ya fara, kuma darasinsa bai tsufa ba: abu mai tauri yana mayar da sauti, mai laushi yana shanye shi.

Sabon gini a yau tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilas a taga. A irin wannan ɗaki amo kan yi ta kai da komo har kalma ta hau kan kalma, kuma ƙarin sifika ƙarin ruɗani ne. Tsohon ɗakin ƙasa mai darduma da labule da jere ya fi shi daɗin sauraro nesa ba kusa ba. Sifikokin Atmos masu harba sauti sama don ya dawo suna buƙatar silin shimfiɗaɗɗe, alhali silin na ado mai hawa-hawa da fanka a tsakiyarsa watsa shi yake yi. A watannin bazara kuma taga a buɗe take, fanka na juyawa, janareto na ruri, ga manyan motoci masu bin titin Maiduguri suna haye gada. Raɗar ganye da takun sawu da aka sayi sifikokin baya dominsu duk sun nutse. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya ƙara murya.

Me ake kallo?

Sifika ba ta ƙirƙirar abin da ba a naɗa ba. Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da karatun malamai da labaran dare, kusan duk suna isowa ne da hanyoyin sauti biyu, ta YouTube ko Arewa24 ko fayil ɗin da aka tura a waya. Idan aka ba tsarin 5.1 irin wannan, ko dai sifikokin baya su yi shiru, ko na'ura ta ƙago musu wani amo. Ƙarfin wasan Hausa a baki yake: habaici, gatse, zaurance, da karin da ke bambanta ma'anar kalma. Abin da mai kallonsa ke buƙata shi ne murya tsantsa, wadda kaka za ta ji ba tare da ta ce a maimaita ba. Wannan aikin sifikokin gaba ne.

Wanda ke biya bai saya ba

Bango yana tare siririn sauti fiye da mai kauri. Duk lokacin da kaurin sauti ya ninka, abin da bango ke tarewa yana raguwa da kimanin desibel 6. Shi ya sa maƙwabci ba ya jin maganar fim, amma yana jin dukan wufa a katifarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin barci da dare, kuma Najeriya tana da dokar taƙaita ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma a unguwar da gidaje ke raba katanga ɗaya, ba doka ce ke tsare mutane ba, kunya ce. Dattijon da zai tashi sallar asuba, da mai jego, da ɗalibin da ke da jarrabawa, da wuya su ƙwanƙwasa ƙofa su yi ƙorafi. Shirun nasu ba yarda ba ne, kuma addini da al'ada duk sun ɗora haƙƙin maƙwabci a wuyan mai gida, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Inda mara waya ke da hujja

Akwai waɗanda tsarin ya dace da su. Ma'aikacin da ke gidan haya ba zai fasa bango ya binne waya ba, kuma wanda ake yi wa canjin wurin aiki yana son abin da zai naɗe cikin awa guda. Ɓera ma ba ya cin saƙon iska. Wanda ke da sola wadatacciya, da ɗaki na musamman, da intanet mai ɗaukar finafinan da aka naɗa da 5.1, zai ji bambancin, kuma ya cancanci jin daɗinsa.

Ga sauran jama'a, tsarin saye ya kamata ya juya. A fara da darduma mai kauri da labule mai nauyi. A bi da sifikoki biyu masu kyau, ko sandar sauti mai sifikar tsakiya, a haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. A tanadi kariya daga bugun wuta kafin a kunna komai. A shago kuma, a nemi a gwada kayan da shirin Hausa da murya ƙasa-ƙasa, domin kowace sifika tana burgewa idan an ƙure ta. Idan akwai wufa, a janye ta daga bangon da aka raba da maƙwabci, a rage ta bayan isha'i. Mai ginin da bai yi filasta ba tukuna yana da damar da babu kamarta: bututun roba na 'yan kuɗi kaɗan a cikin bango zai ɓoye duk wayar da zai buƙata har tsawon rayuwar gidan. Sifikokin baya su zo a ƙarshe, idan ɗakin da wutar da abin kallon sun nuna akwai aikin da za su yi.