Zauren 'Yan Mata: Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki A Kwamfutar Wasa

Wannan watan zan ɗan ajiye zancen soyayya gefe guda, domin wata ƙanwata 'yar aji biyar ta aiko tana tambaya. Ta kwashi adashinta, yayanta ya cika mata, tana so ta haɗa kwamfutar da za ta yi karatu da ita kuma ta buga The Sims 4 da wasan ƙwallo na EA Sports FC. To 'yar uwa, kuɗin nan da guminki aka tara su, kar ki bari a yi miki sakiyar da ba ruwa.

Ni dai a ganina haɗa kwamfuta kamar haɗa aure ne, sai jini ya haɗu. Ki fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Ryzen 5 5600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2022, ya wadatar. A ɓangaren Intel kuma akwai Core i3-12100F ko Core i5-12400F. Amma fa ki lura, dukkan ukun nan ba sa fitar da hoto da kansu, dole sai da katin hoto. In kuɗin katin bai samu ba tukuna, ki nemi Ryzen 5 5600G, shi yana da nasa a ciki, zai ɗauki ƙananan wasanni kafin Allah ya hore.

Sai madabod, uwar ɗakin da kowa ke zama a jikinta. Nan ne ake yawan kuka. Ryzen ɗin nan mazauninsa AM4 ne, saboda haka B550 ko B450 za ki nema, kuma in B450 ce ki tambaya ko an sabunta BIOS ɗinta, in ba haka ba za ki kunna ki ji shiru. Intel ɗin kuwa LGA1700 yake hawa, irin su H610 ko B660. Ko da wasa ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Kaso mafi tsoka na kuɗinki ki ba katin hoto, domin shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. Radeon RX 6600 mai giga 8 ko GeForce RTX 3060 mai giga 12, duka 'yan 2021 ne, kuma sun ishi allo mai 1080p. In na hannu za ki saya, ki buɗe ido. Kati da yawa sun sha wahalar haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin Ethereum ya daina wannan tsarin a Satumbar 2022. Ki ce a jona a gabanki, a sa wasa ya yi kamar rabin awa, ki saurari kukan fanka, ki duba ko hoto na yayyagewa. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ki yi masa sallama cikin mutunci.

RAM kuma giga 16 ne daidai, amma ki sayi guda biyu masu takwas-takwas, sun fi guda ɗaya sauri. AM4 DDR4 kaɗai take ci. Allunan Intel ɗin nan kuwa wasu DDR4 wasu DDR5, sai ki karanta jikin kwali. Wajen ajiya ki nemi SSD mai giga 500, in da hali tera 1. Tsohon hadis mai juyawa ki bar shi don ajiyar hotunan biki.

Yanzu ga inda nake so ki tattaro hankalinki, wato fawa saflai. Araha ba ta ado, wallahi. Wanda ba shi da suna in ya ƙone yakan tafi da maƙwabtansa, kati da madabod duka. Ki nemi mai wat 550 mai tambarin 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, irin su Corsair ko Seasonic. Kin kuma san halin wutarmu, yanzu a kawo yanzu a ɗauke, ga janareta na hawa da sauka. Ki ware kuɗin UPS da sitabilaiza tun farko.

Akwati mai fitilu ja da kore kwalliya ce kawai. Ki duba mai raga a gaba da fanka biyu, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu. Ki tabbata kuma Windows 11 aka sa miki, don Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025.

Ki rubuta komai a takarda, ki taya shago uku kafin ki biya, ki karɓi rasit mai lambar kowane kaya, kuma ki tafi da yayanki ko wani babba. Sannan a gama aikin makaranta da na Umma kafin a taɓa wasa, kin ji ko?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.