Harajin 'Yan Kwantiragi a Birtaniya: Nauyi Ya Faɗa Kan Dillalan Aiki

Tun Afrilun 2021, dokar IR35 ta Birtaniya ta ɗora wa manya da matsakaitan kamfanoni alhakin tantance ko ɗan kwantiragi ma'aikacinsu ne a fakaice, kamar yadda aka yi wa ma'aikatun gwamnati tun 2017. Sai dai dillalin da ya samo shi, wanda galibi shi ke biyansa, shi ke cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa idan aka tantance cewa ma'aikaci ne. Idan kamfani ya yi kuskure duk da ya bincika, dillalin ne hukumar haraji ta HMRC za ta fara bi. Wannan ba adalci ba ne, musamman ga ƙananan dillalai masu 'yar riba. Toshe kafar zille wa haraji daidai ne, amma wanda ya yanke hukunci shi ya kamata ya biya bashin.