In ɗalibi ya ɗauki jakarsa ya nufi Yamai, laifin wa?

Duk shekara, da an koma karatu, sai manya su dasa wa yara zagi: wai an kawo musu jami'a har ƙofar gida sun raina ta, idonsu na kan Yamai. Wai son birni ne, wai butulci ne. To, mu ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalili ko da wani zai ji haushi.

A tuna baya kaɗan. Daga 1971, lokacin da aka buɗe cibiyar da ta zama jami'ar Yamai a 1973, ƙasar nan ta yi kusan shekara 40 da jami'ar gwamnati guda tak. Ɗan Diffa sai ya ci kilomita fiye da 1300 kafin ya zauna a aji. Don haka da aka kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa a 2010, kowa ya yi murna, kuma murnar halal ce. A 2014 sai aka ƙara huɗu a tashi ɗaya: Agadas, Diffa, Doso da Tilaberi.

Amma sa hannu a takardar doka aikin minti guda ne. Malami mai digirin dokta kuwa, a tsarin LMD, shekara 8 yake ci bayan bakaloriya, in ba a yi yajin aiki ba. Daga ina aka nufa a tono su? Abin da ya biyo baya duk mai ɗa a can ya san shi: malami ya taho daga Yamai, ya ɗura wa yara darasin watanni cikin ƴan kwanaki kamar ana ɗura wa buhu gero, ya hau mota ya koma. Mai tambaya sai ya riƙe abarsa har baɗi. Wanda ya gama lisans, ya duba bai ga masta a fanninsa ba, me za mu ce masa? Ya zauna ya yi gadin ginin? Yaron da ya lissafa wannan ya nemi canjin makaranta, ai hankali ya yi.

Ba mu ce Yamai aljanna ba ce. Anfi a cike, kuɗin burs a makare, shekarar karatu ta sha hawa kan ƴar'uwarta. A 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy. A 2017 wani ya sake faɗuwa a rikicin jami'ar. Yaran sun san duk wannan. In mutum ya san akwai ƙaya a hanya kuma ya fita ba takalmi, sai a tambayi abin da ya kore shi daga gida.

Abin takaici, masu zagin nan da dama ƴaƴansu ba su Diffa, ba su Doso, ba su ma Yamai. Suna Dakar, suna Maroko, suna Faransa. Babban ma'aikacin da bai aminta ya sa ɗansa a wani aji ba, da wane baki zai hana ɗan manomi barin ajin? Ku ma alhazan Maraɗi da Damagaram, ba mu bar ku ba: kuɗin bene guda zai cika ɗakin karatu da littattafai, ya sa kayan gwaji a sashen kimiyya. Jami'ar Maraɗi sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo take ɗauke da shi, ɗan garinku ne.

Ga ma'aikatar ilimi mai zurfi kuwa, roƙonmu bai da tsada. Kafin a buɗe rajista, a buga a jarida: kowane sashe na kowace jami'a, malamai nawa ne zaunannu a garin, nawa ne na aro, kuma karatun a lisans ya tsaya ko ya kai masta. Wanda ya nemi canji kuma, a lissafa masa darussan da ya ci, tunda alkawarin da tsarin LMD ya zo da shi ke nan.