Ɗalibin Harshe Ma Ya Kamata Ya Iya Gwada Manhaja

'Yan'uwana ɗalibai, a yau yawancin aikin ƙamus da tara kalmomi ya koma cikin kwamfuta, kuma manhajar da ke wannan aiki tana iya yin kuskure. A ra'ayina, ɗalibin harshe ne ya fi cancanta ya kama irin wannan kuskure, ta hanyar da masana ke kira gwajin ɓangare-ɓangare.

Abin da ake nufi shi ne, a ɗauki ƙaramin ɓangare ɗaya na manhaja, a ba shi abin da an riga an san amsarsa, sannan a duba ko ya dawo da amsar daidai. Misali, idan manhaja tana jera kalmomi bisa lambobin Unicode kawai, za ta kai "ƙofa" bayan "zaki", domin lambar ƙ ta fi ta z girma. Gwajin sai ya ce: ga zaki da ƙofa da kifi, dole a samu kifi, ƙofa, zaki. Wani gwajin kuma ya tabbatar ba a mai da "baƙi" ya koma "baki" ba, wani ya duba cewa ba a raba "'ya'ya" gida biyu ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit a 1997 domin yaren Java. Yaren Python kuwa ya zo da nasa tsarin mai suna unittest tun 2001. Amma ni na fi ba mai koyo shawarar ya ɗauki tsari mara nauyi irin pytest. A cikinsa abin da ake buƙata kawai shi ne a fara sunan gwajin da test, a rubuta assert a gaban amsar da ake sa rai. Za a iya ware gwaje-gwajen baƙaƙe masu lanƙwasa a fayil ɗaya, na jam'i a wani, sannan umarni guda ya gudanar da su duka ya nuna wanda ya faɗi.

Wasu za su ce wannan aikin 'yan sashen kwamfuta ne. To amma injiniyan da bai san cewa jam'in "gida" shi ne "gidaje" ba, ta yaya zai gane manhajarsa ta kauce? Mu ne muka san amsar. Wasu kuma za su ce ɓata lokaci ne. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani. Gwajin da aka rubuta sau ɗaya zai ci gaba da gadin aikin duk lokacin da aka yi gyara.

Saboda haka ina kira ga sashenmu da ya haɗa kai da na kwamfuta, ko da darasi ɗaya ne a zango. Idan muka bar abin haka, ƙamus ɗin gobe zai fito da kurakuran da ɗalibai za su haddace a matsayin daidai.