Gemun Masu Kaji Ya Kama Da Wuta

Yau zancen kaji za mu yi, kada wani ya ce ina ruwan mai sa da kaza.

Masu gidan kaji a nan Gadarif suna kukan cewa maganin da suke zuba wa 'yan tsaki a ruwa don zawo ya daina ci. Ba maganin ne ya lalace ba. Ƙwayoyin cutar ne, irin su Salmonella, suka saba da shi. In aka ba da rabin awo, ko aka tsaya da zarar kaza ta miƙe, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi.

To, mu fa? Tetarasaikilin ɗin da suke jiƙa wa kaji, danginsa muke ɗirka wa shanu. Sa ya yi tari a hanyar Gallabat, sai a soka masa allura ba awo, ba likita. Har boru muna yi wa allura, alhali kuwa wannan magani ba ya kashe ƙwayar boru. Mafi muni, wasu na yi wa dabba allura daren kasuwa don ta ɓoye ciwo. Malamanmu sun karantar da mu sunan wannan: algus ne, kuma haramun ne.

Abin bai tsaya a garke ba. Ƙwayar da ta gagari magani tana bin nama, nono da kashin dabba ta shiga gidajenmu. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 irin waɗannan cututtuka sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙiba tun 2006. Mu kuma ba mu manta da 2019 ba, da Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin Sudan saboda zazzaɓin Rift Valley. Mai saye ba ya wasa da lafiyarsa.

Saboda haka mu nemi likitan dabbobi kafin allura, mu cika kwanakin magani, mu kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin sayarwa ko yanka. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare dukiyarmu, amin.