Mazan Jiya Na Ƙarewa, Wa Zai Riƙe Labarinsu?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan uwa matashi, ko ka taɓa tambayar kanka daga ina barikin Dalet na Kaduna da barikin Chindit na Zariya suka samo sunayensu? Sunaye ne da suka biyo kakanninmu daga ƙasar Bama. A yaƙin duniya na biyu, Ingila ta kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma, a runduna ta 81 da ta 82, ta kai su dazukan Arakan da kwarin Kaladan domin su gwabza da sojojin Japan. A watan Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Wasu suna kwance a can har yau. Waɗanda suka dawo kuwa, kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na Turawan da suka yi yaƙi tare ba.

Wanda ya je Bama yana saurayi, yau ya doshi shekara ɗari, in ma yana raye. Waɗanda suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun haura saba'in. Duk ranar 15 ga Janairu manya kan ajiye furanni a busa bigila, a watse. Tsohon soja kuma ya koma zaurensa da ciwon ƙafa da jiran fansho.

Wani zai ce ai yaƙin Turawa suka yi, ina ruwanmu? To, wasunsu talauci ne ya kai su, wasu kuwa masu sarauta ne suka miƙa su don cika adadin da aka ɗora wa ƙasarsu. Idan an zalunce su, wannan ƙarin dalili ne na a saurare su. In muka bar labarin a hannun waɗanda suka kai su, to da bakin wasu za mu san iyayenmu.

Magabata sun bar mana abin koyi. Manzon Allah (SAW) ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a bayan shekara takwas da rasuwarsu. Sayyidina Umar (RA), da ya kafa diwani, ya yanka wa kowane ɗan Badar dirhami 5,000, ya fifita su a kan na baya. Ba muna daidaita wani yaƙi da Badar ba ne, haihata. Darasin shi ne al'ummar kirki ba ta yar da wanda ya ba da ƙuruciyarsa, balle ga furfura wadda addini ya wajabta girmama ta.

Saboda haka ga shawarata. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Ka nemi tsohon sojan unguwarku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: “Baba, a ba mu labari.” Ka naɗi abin da ya faɗa da izininsa, ka ɗauki hoton lambobin yabonsa da takardar sallamarsa, ka bai wa jikokinsa. In ya gaji ko ya yi shiru a wani wuri, kada ka matsa masa. Kada kuma ka je hannu rabbana, ko da kuɗin magani ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kyautata ƙarshen waɗanda suka saura, amin. Wassalamu alaikum.