AWON BAKIN MAHAIFA: A YI BAYANI KAFIN A SA HANNU

Gabatarwa

Wataƙila wani ya ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da ɗakin haihuwa, tun da shi ba likita ba ne, ba kuma ungozoma ba. To, a yi mini haƙuri a ji dalilina. A bara na raka yayata awon ciki wani asibiti a nan cikin garin Lafiya, cikinta ya shiga wata tara. Da ta fito sai na ga idonta ya yi ja. Na ce, “Yaya, lafiya?” Ta ce, “Sista ta ce in hau gado, ta sa hannu ta duba ni, ta ce wai tu si-em, ta ce in sauka. Ni ban san abin da aka gani ba.” A daren nan ba wanda ya runtsa a gidanmu, an haɗa kaya ana jiran naƙuda. Sai da aka ƙara kwana goma sha biyu sannan ta sauka. Tun daga ranar na gane cewa abin da ya wahalar da Yaya matsala ce ta harshe, harshe kuwa fagenmu ne.

Mene ne wannan awo?

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da jariri yake bi ya fito. Tsawon watannin ciki a rufe yake, da kauri da tauri. Idan haihuwa ta matso sai ya yi laushi, ya gajarce, ya fara buɗewa. Ungozoma ko likita kan sa safar hannu mai tsabta, ta sa yatsu biyu ta gaban mace, ta kimanta faɗin buɗewar da santimita, daga rufe har zuwa 10, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum. A nan ne ake cewa ya gama buɗewa. Ta wannan hanya kuma ake jin ko kan yaro ya sauko, da yadda ya kwanta, da ko faya ta fashe.

Wani likitan Amurka, Emanuel Friedman, shi ya fara zana yadda buɗewar ke tafiya da lokaci a 1954. A 1972 kuma wasu likitoci biyu, Philpott da Castle, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, suka mayar da abin takardar bibiyar naƙuda, domin ungozomar ƙauye ta san lokacin da za ta tura mace babban asibiti. A kan wannan aka daɗe ana koyar da cewa santimita ɗaya ake so a kowace awa. Daga baya binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a kan mata sama da dubu biyar a Nijeriya da Yuganda, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa mata da yawa kan yi jinkiri fiye da haka su kuma haihu lafiya lau. A shekarar ce hukumar ta ce naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne daga santimita 5, kuma a riƙa yin awon duk bayan awa huɗu ga macen da ba ta da wata matsala.

Inda yake da amfani da inda ba shi da shi

A lokacin naƙuda, wannan awo yana ceton rai, babu ja a kan haka. Shi ne ke nuna cewa naƙuda ta tsaya, ko kan yaro ya ƙi saukowa, sai a yi gaggawar ɗaukar mataki. Mu a ƙasar Hausa mun san sakamakon doguwar naƙuda a gida. Mun san yankan gishiri da ake yi da aska da sunan buɗe hanya. Duk wanda ya ji labarin matan da ke kwance a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, inda likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana yi wa masu yoyon fitsari aiki, ya san ba wasa ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Amma kafin naƙuda ta fara, labarin daban ne. Mace na iya yin makonni da santimita biyu ko uku ba ta haihu ba, wata kuma a duba ta da safe a tarar a rufe, kafin asuba ta gaba ta sauka. Saboda haka awon ba ya faɗin ranar haihuwa. Yana da amfani idan akwai dalili, misali idan mace na jin ciwon mara ana so a tabbatar ko naƙuda ce, ko ciki ya wuce lokacinsa ana shawarar sa mata maganin tayar da naƙuda. Akwai ma lokacin da yake da haɗari. Idan mace na zubar da jini, ba a sa hannu sai an yi hoton ciki an tabbatar mabiyiya ba ta tare hanya ba. Idan faya ta fashe, yawan sa hannu na iya kai ƙwayoyin cuta ga uwa da ɗa.

Matsalar tana bakinmu

Duk wannan bayani da na zayyana bai fi na minti biyu ba idan da baki za a yi shi, amma mata nawa ake yi wa? Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2019, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana da Gini da Miyanma, ya gano cewa fiye da rabin irin wannan awo an yi shi ne ba tare da an nemi yardar macen ba. Alhali kuwa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ce a yi wa mai neman magani bayani, iyakar iyawa, da harshen da yake fahimta.

To a Lafiya wane harshe ne wannan? Garin nan ya tara Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa. Matar da ta taso daga Doma ko Awe ko Obi ta zo asibitin da kowa ya sani da Dalhatu Araf, galibi da Hausa za ta yi magana da ma’aikaciya, mai yiwuwa kuma dukansu biyu Hausar kasuwa suka iya. Sai a duba kalmomin da muka ba su. Mahaifa tana nufin inda ɗa ke kwance, tana nufin mabiyiya, tana kuma nufin garin da aka haifi mutum. Awo ya haɗa hawa sikeli da gwajin jini da tattaɓa ciki da wannan na sa hannu. Idan aka ce wa mace “zan duba ki” ta ce “to”, shin me ta amince da shi? Ga kuma kunya, musamman ga mai cikin fari, wadda aka tarbiyyantar a kan ta danne ciwo kada a ji ta. Wadda aka yi wa ba zata sau ɗaya, da wuya ta sake komawa, sai ta gwammace haihuwar gida, ta kuma gargaɗi ƙannenta.

Na san ma’aikatan asibiti za su ce mutum ɗaya ke fama da layin mata masu yawa, ina lokacin dogon bayani? Gaskiyarsu, suna cikin wahala, kuma da yawansu na yin iya ƙoƙarinsu. Sai dai jimla huɗu sun isa: “Baiwar Allah, ina so in sa yatsu biyu in ji ko bakin mahaifa ya buɗe. Ga dalilin da ya sa. Za ki ɗan ji ba daɗi, in ya yi zafi ki ce in dakata. Kin yarda?” Bayan an gama kuma a ce, “Ya buɗe kaɗan, amma ba yana nufin yau za ki haihu ba.” Da Yaya ta ji wannan, da mun yi barcinmu.

Kammalawa

’Yan’uwana ɗalibai, nan ne aikinmu yake. Kowace shekara muna rubuta kundaye a kan karin magana da waƙoƙin biki, abin yabawa ne. Amma me zai hana wasunmu su zauna da ungozomomin asibiti da na gargajiya a Lafiya, su tattara kalmomin ciki da haihuwa, a tantance su, a bambance mahaifa da mabiyiya, a fito da lafazin da ba batsa ba ne kuma ba ɓoye-ɓoye ba? Sashenmu na iya haɗa hannu da makarantun koyon aikin jinya da ungozoma a fitar da ’yar takarda ɗaya da za a manna a bangon ɗakin awo, a kuma karanta ta a rediyo domin waɗanda ba su yi karatu ba.

Ga iyayenmu da yayyenmu mata kuwa, kira na shi ne kada tsoron wannan awo ya hana ku zuwa asibiti. Ku je, ku tambayi dalili, ku nemi a ja labule, ku nemi mace ta duba ku in akwai hali, ku kuma nemi a gaya muku abin da aka gani da harshen da kuke ji. Haƙƙinku ne, doka ta ba ku. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.